Mai teɓa da mai rama lissafinsu ɗaya: jagora daga mai horar da motsa jiki a Bauchi

Mutum biyu suka same ni rana ɗaya bayan sallar asuba, ina shirya kayan atisaye kusa da filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na farko wani Alhaji ne mai shagon atamfa a kasuwar Wunti. Ya dafa cikinsa ya ce, "Koci, tulun nan nake so ka fasa mini. Yanzu ko ruku'u sai da nishi." Bai rufe baki ba sai ga wani ɗalibi, dogo siriri kamar sillen kara, shi kuma kukansa duk abin da ya ci kamar an zuba a rijiya. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, da ana kyautar teɓa da na yanka maka rabi."

Na zaunar da su a benci guda, domin karatun da zan yi musu iri ɗaya ne. Jikin mutum rumbu ne. Abin da ka ci shi ne hatsin da ake zubawa, abin da jiki ya ƙona shi ne wanda ake ɗiba. In zubi ya fi ɗiba, rarar ta zama kitse. In ɗiba ya fi zubi, jiki ya buɗe rumbu ya ci ajiya. Mudun da ake auna wannan hatsi da shi sunansa kalori, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Ka riƙe wannan adadi, za mu yi ta komawa kansa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne inda ɗiban yake tafiya. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da jiki ke ƙonawa a rana yana tafiya ne kana zaune ko kana barci: bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Kusan kashi 10 na tafiya wajen narkar da abincin kansa. Sauran shi ne motsinka, kuma awa ɗayan da kake yi a wurina ɗan yanki ne kawai a ciki. Ni da nake cin abinci da sana'ar atisaye nake gaya maka: atisaye shi kaɗai ba ya kwashe teɓa.

Mataki na ɗaya: auna kanka, amma ka san abin da kake aunawa

Ka nemi sikeli da tef irin na tela. Ka hau sikeli da safe, bayan ka zaga, kafin ka ci komai, da kaya marasa nauyi. Sikeli ɗaya za ka riƙe, kada yau na kemis gobe na asibiti.

Daga nan ka yi lissafin da likitoci ke kira BMI: ka ninka tsawonka a mita da kansa, ka raba nauyinka da abin da ya fito. Alhaji tsawonsa mita 1.70, nauyinsa kilo 85. In ka ninka 1.70 da 1.70 ka sami 2.89, ka raba 85 da shi ka sami 29.4. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya haura, 30 zuwa sama ƙiba ce da ake lissafa ta cikin cuta. Ma'aunin yana da makanta guda, bai san tsoka da kitse ba. Ɗan dambe ko ɗan dako a kasuwar Muda Lawal zai iya haura 25 alhali cikinsa a shafe yake.

Shi ya sa na fi yarda da tef. Ka zagaya shi a cikinka wajen saitin cibiya, ka saki numfashi, kada ka haɗiye ciki don ka burge kanka. Namiji in ya wuce santimita 94, wato inci 37, an kunna masa fitilar gargaɗi. In ya kai 102, inci 40, hatsarin ciwon suga da hawan jini ya yi yawa. Mace kuwa 80 da 88 ne. Ga hanya mafi sauƙi: kada zagayen cikinka ya wuce rabin tsawonka. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya lulluɓe hanji da hanta, shi ne mugun. Na cinya da ɗuwawu bai kai shi illa ba.

Sai gargaɗi game da sikeli. Nauyin mutum na iya hawa ko sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin jiya da yau, kuma ruwa ne. Jiki na ajiye sitaci a tsoka da hanta, kowane gram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan gram uku. Ka ci tuwo da yawa da miya mai gishiri da dare, da safe sikeli ya hau. Mata kuma suna riƙe ruwa in al'ada ta gabato. Don ka ƙara kilo ɗaya na kitse a dare guda sai ka ci rarar kalori 7,700, abin da ko a gidan biki da wuya. Ka riƙa aunawa sau biyu ko uku a mako, ka rubuta, ka kwatanta mako da mako.

Mataki na biyu: wanda ya kamata ya fara ganin likita

Mai hawan jini, mai ciwon suga da ke shan magani, mai jin ciwon ƙirji ko haki daga ɗan motsi, mai juna biyu, duk su fara zuwa asibiti kafin su zo wurina. Mai shan maganin suga in ya rage abinci ya ƙara atisaye ba tare da an gyara masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa ya yanke jiki.

Wanda kuma yake ramewa ba da niyya ba, har ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida zuwa shekara, shi ma asibiti ne. Tarin fuka, ciwon suga, tsutsar ciki, ciwon maƙoƙo mai sa jiki ƙona abinci da sauri, cuta mai karya garkuwar jiki, damuwa, kowanne na ramar da mutum. Tari ya wuce mako biyu, ga zufar dare, ga rama? A je a yi gwajin majina, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ba na ɗora wa irin wannan mutum ƙarfe.

Mataki na uku: mako guda na rubutu

Kafin ka canja komai, ka yi kwana bakwai kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, har da wanda aka miƙo maka a shago ka ce bismillah don kada a ji kunya.

Alhaji ya rantse mini sau biyu yake cin abinci a rana. Gaskiya ya faɗa. Da ya kawo takardarsa sai ga abin da bai lissafa a abinci ba: shayi mai kauri da safe, sukari cokali huɗu da madarar gwangwani. Masa shida da ƙarfe goma, an yaryaɗa mata mai. Lemon kwalba biyu saboda zafin shago. Gyaɗa soyayya yana ɓarzawa yana ciniki. Kunun zaƙi da la'asar. Da dare bayan tuwo, tsire da abokai a majalisa. Ya karanta da kansa ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ni ne ɓarawon."

Ban cika sa mutane ƙirga kalori ɗaya bayan ɗaya ba. Mu da muke cin abinci a faranti ɗaya da iyali, wa zai tsaya auna malmala? Wurare uku nake sa a duba, domin nan ɓarnar take.

Na farko mai. Gram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko na furotin, wato sinadarin gina jiki, 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120. Lita ɗaya ta haura kalori 8,000, wato fiye da kilo guda na kitse. Gida mai mutum shida da ke shanye lita a kwana huɗu, kowa na samun kalori kusan 340 a rana daga mai kaɗai, bai sani ba. Masarmu ta Bauchi da muke taƙama da ita shinkafa ce, laifinta kaɗan ne. Man da tanda ta sha, da wanda aka ƙara a sama, da ƙuli-ƙuli, su ne kayan.

Na biyu abin sha mai zaƙi. Robar lemo mai santilita 50 na ɗauke da sukari wajen gram 50, kalori kusan 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai ƙara a rana kada ya wuce kusan gram 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Roba ɗaya ta cinye maka kason yini, kuma ba ta ƙosar da kai ba. Mutum mai kilo 80 yana ƙona kalori wajen 60 a tafiyar kilomita ɗaya. Kenan sai ya zagaya layin gudu mai mita 400 sau takwas ko tara kafin ya biya bashin roba ɗaya. Zoɓo da kunun aya da fura duk suna shiga wannan sahu in an tula musu sukari.

Na uku girman malmala da ƙari.

Mataki na huɗu, ga mai son ragewa

Abin da ake nema giɓin kalori wajen 500 a rana, wanda zai ba ka kusan rabin kilo a mako. Kada ka nemi fiye da kilo ɗaya a mako. Wanda ya matse kansa da yunwa yana zubar da tsoka tare da kitse, kuma ranar da ya gaji ya koma ci, kitsen ne ke dawowa, tsokar ba ta biyo shi.

Ga yadda na jera wa Alhaji. Makon farko ya bar lemo gaba ɗaya, sukarin shayi ya koma cokali ɗaya. Wannan kaɗai ya kusa cike giɓin. Mako na biyu muka je ga kicin. Na ce ya roƙi Hajiya, roƙo fa, kada ya shiga da umarni, a riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Mako na uku muka gyara faranti: rabi ganye, kwata abin gina jiki, kwata tuwo ko shinkafa. Ganye ba ya mana wuya a nan. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, kabeji, latas, alayyafo, miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, taushe. A kula da ƙuli-ƙuli da mai a kwaɗo, kada a kori ɓarawo ta ƙofa ya dawo ta taga. Abin gina jiki kuma wake, alale, ƙwai dafaffe, kifi, kaza, awara, kindirmo marar sukari. Furotin shi ya fi komai riƙe ciki, shi ne kuma yake tsare tsoka yayin da kitse ke narkewa.

Ban hana shi tuwo ba, ban hana shi masa ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, masa shida ta koma uku da miyar taushe. Acca da 'yan'uwanmu na wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro ke nomawa abinci ce mai kyau, amma kada a yaudare ka cewa ba ta da kalori. In ka cika kwano da ita, lissafin bai canja ba. Ma'aunin da Manzon Allah (SAW) ya koyar, kashi ɗaya na ciki abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ya ishi mai hankali a gaban faranti.

Azumin Litinin da Alhamis na taimaka wa wasu, in dai buɗa-baki bai zama ramuwar gayya ba. Kowa ya ga yadda ake fita Ramadan da ɗan sauƙin jiki, kafin Babbar Sallah komai ya dawo.

Atisayen mai ragewa iri biyu ne. Na farko tafiya mai sauri, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako. Ka fara da minti 15 in ka daɗe ba ka motsa ba, kana ƙara biyar duk mako. Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu, gwiwa za ta kai ƙararsa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da garin nan ke tafasa, bayan asuba ko gab da magariba kawai, da gorar ruwa a hannu. Ka kuma ƙirƙiri tafiya a cikin yininka: masallacin da ya ɗan fi nisa, sauka daga keke napep kafin ƙofar gida. Kakanninmu ba su san koci ba, daka da surfe da jan guga da noma sun isar musu.

Na biyu atisayen ƙarfi, aƙalla kwana biyu a mako. Ba sai da ɗakin ƙarfe ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan da jarka sun zama ƙarafanka.

- Tsuguna ka miƙe: kamar za ka zauna a kujera, baya a miƙe, diddige a ƙasa, sau 10 zuwa 12.
- Tura ƙasa da hannuwa, wanda samari ke kira firesof. In ya yi wuya a fara da jingina da bango.
- Jawo galan: dafa benci da hannu ɗaya, ka jawo galan zuwa haƙarƙari da ɗayan.
- Ɗaga galan sama da kai.
- Ɗaukar jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ka yi taku 30.

Kowanne zubi uku, da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani. Uwargida za ta iya yin wannan duka a tsakar gida bayan yara sun tafi makaranta. Tsoron da mata ke yi cewa za su yi ƙwanji irin na maza ba shi da tushe, jikin mace ba shi da yawan sinadarin da ke gina wannan. Mai jego ta bari sai ta yi arba'in likita ya duba ta, wadda aka yi wa aiki ta ƙara haƙuri, kuma mai shayarwa ba ta matse kanta da yunwa.

Wani abu da nake faɗa har na gaji: atisayen ciki ba ya narkar da kitsen ciki. Ka yi ɗari biyu kullum, tsokar da ke ƙarƙashi za ta yi ƙarfi, teɓar na nan a samanta. Jiki ne ke zaɓar inda zai ɗiba. Masu ɗaura leda a ciki da masu sa rigar sanyi a rana don su yi gumi, ruwa suke zubarwa, kofi biyu ya mayar da shi. Yawancin shayin rage ƙiba da ake talla a Facebook da TikTok kuwa, in ka duba, ganyen filasko ne ko danginsa. Gudawa za ka yi ta yi, sikeli ya sauka, ka yi murna, kitse na zaune yana kallonka.

Mataki na huɗu, ga mai son ƙarawa

Ɗalibin nan da ya ce yana ci kamar gara, takardarsa ta ƙaryata shi. Ba ya karyawa, da rana ɗan biredi da lemo, da dare ya cika ciki da taliya. Wannan cin na dare shi yake tunawa. Yawancin masu cewa abinci ba ya kama su haka suke.

Shi rarar kalori 300 zuwa 500 yake buƙata a rana, don ya riƙa ƙara kwata zuwa rabin kilo a mako. Cikinsa ƙarami ne, don haka maimakon a ƙara masa girman kwano sai aka ƙara yawan zama: ci uku, da ɗan taɓawa biyu a tsakani. Abubuwan da na hana Alhaji ɓarza su na ba shi. Gyaɗa cikin tafin hannu, wajen gram 30, kalori 170 ce. Ƙwai biyu kusan 150. Kunun gyaɗa, fura da nono mai kyau, dabino, ayaba, dankalin Hausa, ɗanwake da mai da ƙwai, shinkafa da wake. Mai ƙarancin marmari ya fi iya shan abu da taunawa, shi ya sa damammiyar fura da la'asar ke aiki. Kada ya cika ciki da ruwa gab da cin abinci.

Sai dai in rara ta shigo babu ɗaga nauyi, teɓa kawai za a yi a kan siraran ƙafafu. Atisayen da na lissafa a sama zai yi, kwana uku a mako, da sharaɗi ɗaya: kaya su riƙa ƙaruwa. In ka iya sau 12 ba wahala, ƙara ruwa a jarka. Tsoka ba ta girma sai an tambaye ta abin da ya fi na jiya. Furotin kuma wajen gram 1.6 ga kowane kilo na jiki, wato mai kilo 55 yana neman kusan gram 90 a rana. Ƙwai ɗaya gram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 13, don haka sai an rarraba shi a kowane ci. Ya rage doguwar ƙwallon yamma zuwa sau ɗaya ko biyu a mako.

A nan dole in tsaya kan maganin da ake kira sha-ka-fashe, domin ya fi komai ɓata mini rai. Wata baiwar Allah ta kawo mini ƙanwarta wata biyu bayan biki. An haɗa mata ƙwayoyi a wani kemis don ta ciko kafin ranar. Ta ciko ɗin, amma a fuska da wuya da ciki. Kumatu sun kumbura kamar an hura, hannaye da ƙafafu sun ƙara sirancewa, ga jan zane ya tsattsaga mata ciki. Yawancin irin wannan haɗi akwai dezametazon a ciki, maganin da likita ke bayarwa don asma mai tsanani ko kumburi, wani lokaci da sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci. Dezametazon na tara ruwa, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki, ya cinye tsoka, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Na ce mata, "Ƙanwata, wannan ya fi ƙarfin atisaye, asibiti za ku." Na kuma ja mata kunne kada ta yanke shan sa rana ɗaya. Wanda ya daɗe a kansa in ya bari kwatsam jiki na iya rushewa, likita ne ke janye shi sannu a hankali. Iyaye mata da ƙawayen amarya, a ji tsoron Allah a bar 'ya'yan mutane da jikin da za su rayu da shi bayan an watse.

Mataki na biyar: barci, da ranar da sikeli ya tsaya

Babba na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Ƙarancinsa na tayar da sinadarin yunwa ya kwantar da na ƙoshi, shi ya sa wanda ya kwana latsa waya ke tashi da kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Mai gina tsoka shi ma a barci take ginuwa. Mu da ke tashi asuba, lissafin a fili yake, hirar majalisa har sha biyun dare ba ta cikin tsari.

Bayan wata biyu ko uku sikeli zai tsaya. Kowa yana tsayawa. Jikin da ya ragu yana ƙona ƙasa da na da, kuma hannu ya fara komawa tsohon awo ba a sani ba. Kada ka firgita sai ya yi mako uku cur bai motsa ba, tef ma bai motsa ba. In haka ta faru, ka sake rubutun kwana bakwai, ka ƙara minti goma a tafiya, ka cire abu ɗaya. Mai ƙarawa kuma ya ƙara taɓawa ɗaya.

Alhaji da kansa ya tsaya a kilo 80 har mako huɗu, ya zo yana cewa an yi masa baki. Kilo biyar ɗin da ya sauke sun haura kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, adadin da likitoci suka ce ya isa a fara ganin sauƙi a suga da hawan jini, amma shi ba wannan ne a gabansa ba. Na ce ya kawo takarda. Lemo bai dawo ba, amma wani maƙwabcin shagonsa ya fara sayar da kunun aya mai sanyi da dabino, yana aiko masa da roba biyu kullum, kyauta. Muka daidaita a kan roba ɗaya, ranar Juma'a, ɗayar kuma ya riƙa miƙa wa ɗalibin.